Majami'a a Takardar Tsire

Tsiren ɗari biyar na saya wurin Tanimu,
bakin Bata, da la'asar sakaliya.
Ya yago shafi daga wani littafi marar bango,
ya naɗe mini, ya barbaɗa yaji.
Nama ya ƙare, takarda ta ƙi barin hannuna.

Gini ne a ciki, baƙi da fari,
wata babbar majami'a ta ƙasar Ingila.
A ƙasa an sa shekara: dubu da ɗari shida da wani abu,
albasa ta manne a kan sauran.
Ginshiƙai a jere kamar giginyun fadama,
sun miƙe, sun miƙe,
sai can sama suka rusuna, suka kama hannun juna.

Na koma gun Tanimu. Saura shafi bakwai.
Ya ce, "Malam, ai sai ka sayi ƙunshi bakwai."
Muka yi dariya, ya ba ni uku.

Ni mai sassaƙa hatimi ne,
shekara talatin da ɗaya a gindin dalbejiya, titin gidan waya,
da reza da guntun roba nake ci.
Sunan mutum a baibai nake yanka shi
don ya fito daidai a takarda.
Shi ya sa da na kai ido kusa
na gane hannun ɗan'uwana.

Wannan ba aikin alƙalami ba ne.
Wani ya shafe farantin tagulla da kaki,
ya ɗauki allura, ya zauna,
ya ja layi, ya ja layi, ya gitta wani a kai.
Inda yake son duhu ya cunkusa su kamar saƙar gwado,
inda yake son haske ya ɗauke hannu,
sannan ya bar ruwa mai cin ƙarfe ya bi sawunsa.
Duk kuma a juye:
hasumiyar dama ya dasa ta hagu,
ya yarda takarda za ta maido masa da gaskiya.

Kakana Nadabo magini ne a Mandawari.
Da zai ga wannan rufi, sai ya buga cinya:
"Ɗaurin guga! Wa ya koya musu?"
Shi da azara da jar ƙasa yake lanƙwasa bakan gizo,
yana tsaye a sama ana cilla masa tubali.
Soron da ya gina, damina uku ke nan da ya zauna,
aka kwashe ƙasar, aka jera shagunan siminti.
Ba wanda ya taɓa zama gabansa da allura.
Ko hoto babu,
sai sanyin daɓensa da tafin ƙafata ke tunawa.

A gindin zanen ga mutum biyu, ƙanana kamar ƙwayar dawa,
da kare a bayansu.
Ɗaya ya ɗaga sanda yana nuna sama,
shekara ɗari uku da ɗoriya hannun bai sauka ba.
Ban san addu'ar da ake yi a ciki ba, ba tawa ba ce,
amma na san ciwon wuyan mai sunkuyo,
na san numfashin da ake riƙewa
kafin layi ya kai ƙarshe.

Man tsire ya ɗiga daidai kan babbar taga.
Na ɗaga takardar ga rana, tana shirin faɗawa bayan Dala,
sai tagar ta kama, ja-ja, kamar an kunna fitila a ciki.
Abin da allura ta kasa, man gyaɗa ya yi.
Na juya bayanta: ga ginin a baibai,
yadda mai shi ya gan shi a tagulla.

Yanzu yara ke buga hatimi da kwamfuta, minti biyar.
Jiya ba wanda ya tsaya a teburina.
Na ɗauko roba mafi faɗi, na ɓare sabuwar reza,
na rufe ido har soron Nadabo ya tashi tsaye.
Na fara da zankon hagu,
wato na dama.